Tashoshin auna yanayi a gandayen daji na ƙasa a Amurka

Tashoshin auna yanayi na gandayen daji wurare ne da aka girke na'urori domin ɗaukar bayanin zafi da sanyi, ruwan sama, dusar ƙanƙara, ƙarfin iska da danshinta, a cikin gandayen da kuma yankunan da ke kewaye da su. A Amurka, inda aka keɓe gandun Yellowstone tun 1872 kuma aka kafa hukumar kula da gandayen daji ta ƙasa a 1916, wannan aiki bai taɓa zama a hannun hukuma guda ba. Mafi yawan tashoshin da ma'aikatan daji ke dogaro da su wasu hukumomi ne suka kafa, kowacce don biyan tata buƙatar, shi ya sa ba kasafai suke a wuraren da gandun ya fi buƙatar sanin halin da ake ciki ba.

Rukunonin tashoshin

Mafi daɗewa shi ne shirin 'yan sa kai na hukumar hasashen yanayi, wanda ake kira COOP, da aka kafa a 1890 kuma yake da dubban masu lura a faɗin ƙasar. Sau ɗaya a rana mai lura yakan je ya duba iyakar zafi da iyakar sanyin da aka yi, ya auna ruwan da ya taru a mazubi, ya rubuta. A gandaye da dama ma'aikatan ofis ne ke wannan aiki, kuma darajarsa tana cikin tsawon shekarunsa, domin akwai tashoshin da rubutunsu ya haura shekara 100. Sai dai dogon tarihi yakan zo da tabo. An sha canza lokacin duba ma'auni daga yamma zuwa safe, an sha matsar da tasha idan an yi sabon gini, sannan a shekarun 1980 an maye gurbin tsofaffin ma'aunan gilashi da na lantarki, waɗanda gajartar wayarsu ta sa aka kafa da yawa daga cikinsu kusa da gine-gine. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya ɗaga alƙaluma ko ya sauke su alhali yanayin bai canza ba.

Rukuni na biyu, RAWS, an yi shi ne saboda gobarar daji. Tashoshinsa, da suka haura 2,000, suna aiki da kansu da farantin hasken rana, kuma duk awa suna tura bayani ta tauraron ɗan'adam zuwa cibiyar yaƙi da gobara da ke Boise a jihar Idaho. Da gangan ake kafa su a busassun wurare da rana ke duka, domin abin da ake so a sani shi ne inda ciyawa da itace suka fi saurin kamawa. Da yawa daga cikinsu ba sa iya auna dusar ƙanƙara yadda ya kamata, saboda haka bayaninsu na hunturu ba abin dogaro ba ne.

Wannan giɓi rukunin SNOTEL na ma'aikatar noma ne ke cike wani ɓangarensa a tsaunukan yammacin ƙasar da Alaska, inda yake da tashoshi sama da 800. A kowacce ana shimfiɗa wata faffaɗar jaka cike da ruwan da ba ya daskarewa. Idan ƙanƙara ta taru a kanta nauyin ya danne ta, sai na'ura ta lissafa yawan ruwan da zai gangara madatsu da gonakin rani idan ta narke. Akwai kuma tashoshin filayen jirgin sama, amma galibi suna nesa da daji.

Rukuni guda ne aka tsara tun farko domin bin diddigin sauyin yanayi, wato USCRN na NOAA, hukumar gwamnati mai kula da harkokin teku da yanayi, wanda ya fara a farkon shekarun 2000 kuma yake da tashoshi 114 a jihohi 48 da ke haɗe. Kowace tasha tana da ma'aunin zafi uku a lokaci guda, ta yadda idan ɗaya ya kauce sauran biyun za su tona shi, kuma an nemi wuraren da ba a sa ran gini ko noma zai canza su har shekara 50. Wannan sharaɗi ya sa aka kafa wasunsu a cikin gandayen daji, kamar ta Stovepipe Wells a gandun Death Valley.

Inda giɓin yake

Hukumar gandayen ta kasa wurarenta zuwa shiyyoyi 32 domin sa ido kan muhalli, kuma a 2006 da 2007 cibiyar nazarin yanayi ta yammacin Amurka da ke Reno a jihar Nevada ta yi ƙidayar tashoshin da ke ciki da kewayen gandayen kowace shiyya. Abin da ya yi ta maimaituwa shi ne tashoshi sun taru a kwaruruka, kusa da ofisoshi, masaukan baƙi da bakin titi, yayin da tsaunuka da lungunan daji suka kasance kusan fayau, ƙananan wurare da dama kuma ba su da tasha ko ɗaya sai ta garin da ke maƙwabtaka. Wannan nakasu ba ƙarami ba ne, domin abubuwan da aka keɓe gandun don kare su, irin su daskararriyar ƙanƙarar tsauni, mafarin koguna da tsirran da ba sa jure zafi, can sama suke.

Death Valley da ke Kalifoniya ya isa misali. Kwarin Badwater yana mita 86 ƙasa da matakin teku, tsaunin Telescope kuwa, wanda ake hangowa daga nan, ya kai mita 3,366. Tun da iska kan yi sanyi da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyos a duk hawan mita 1,000, bambancin da ke tsakanin wuraren biyu ya wuce digiri 20, amma sunan da gandun ya yi a duniya daga tasha guda ya fito, ta Furnace Creek da ke can ƙasa. A nan aka rubuta digiri 56.7 a ma'aunin Salshiyos ranar 10 ga Yuli, 1913, adadin da ya zama mafi girma a duniya bayan hukumar kula da yanayi ta duniya ta soke na Al-Aziziya a Libiya a 2012. Har yau wasu masana suna shakkar adadin na 1913, saboda tashoshin da ke kewaye ba su nuna zafin da ya dace da shi ba. Digiri 54.4 da aka auna a wurin ranar 16 ga Agusta, 2020 ya fi samun karɓuwa domin akwai na'urori na kusa da za a gwada shi da su. Irin wannan tazara tsakanin tasha da tsauni tana nan a gandun Mount Rainier da ke jihar Washington: tashar Paradise, wadda ta rubuta dusar ƙanƙara mita 28.5 a hunturun 1971 zuwa 1972, tana wajen mita 1,650, ƙololuwar tsaunin kuwa mita 4,392.

Cike giɓin ba shi da sauƙi. Dokar kare daji ta 1964 ta hana kafa gini ko na'ura da shiga da mota a yankunan da aka ayyana, sai bisa larura, kuma manyan sassan gandayen suna ƙarƙashinta. Inda aka sami izini ma, ƙanƙara takan liƙe ma'aunin iska, namun daji sukan tsinke wayoyi, wasu tashoshin Alaska kuma ba a isa gare su sai da jirgi mai saukar ungulu. Ana amfani da hotunan tauraron ɗan'adam da taswirar yanayi mai suna PRISM ta jami'ar jihar Oregon wajen ƙiyasta yanayin wuraren da babu tasha, amma ƙiyasin kansa da alƙaluman ƙasa ake gina shi, don haka ya fi rauni daidai inda tashoshi suka yi ƙaranci.

Wani nazari da masanin yanayi Patrick Gonzalez ya jagoranta a 2018 ya nuna cewa daga 1895 zuwa 2010 zafi ya ƙaru a gandayen ninki biyu na yadda ya ƙaru a ƙasar baki ɗaya. Gano irin wannan yana buƙatar rubutun da bai yanke ba, tun da shekara 30 ake haɗawa kafin a fitar da matsakaicin yanayin wuri, kuma wanda ake aiki da shi yanzu shi ne na 1991 zuwa 2020. Saboda haka tsohuwar tasha guda da ba a taɓa matsar da ita ba ta fi sababbi da yawa amfani a wannan fanni, kuma idan matsarwa ta zama dole, akan bar tsohuwar da sabuwar su yi aiki tare na aƙalla shekara guda domin a auna bambancin da ke tsakaninsu.