Mbps, MB/s da 52x na faifan CD: me waɗannan lambobi ke nufi?

Ɗan ƙanwata yana da ɗan shago a Agege, inda yake tura wa mutane karatu, wa'azi da fina-finan Hausa a waya. Makon jiya ya same ni a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ransa a ɓace.

"Kawu, an cuce ni," in ji shi. "Intanet mai gudun 40 na biya, amma in ina sauke fim 5 nake gani."

Na karɓi takardar, an rubuta 40 Mbps. Na leƙa fuskar kwamfutarsa, 5 MB/s. Na ce masa, "Kwantar da hankalinka, ɗana, abin da ka biya shi aka ba ka."

Zancen duk yana kan harafi ɗaya. Ƙaramin b yana nufin bit, mafi ƙanƙantar abin da kwamfuta ke ƙirgawa, ko 0 ko 1. Babban B kuwa bayit ne, wato bit takwas a ɗaure wuri guda. Kamar dillalai biyu ne a kan huhun goro ɗaya, wannan yana ƙirga ƙwaya-ƙwaya, wancan yana ƙirga kashi mai takwas-takwas. Kamfanonin sadarwa da bit suke awo, girman fayil kuma da bayit ake faɗinsa. Saboda haka in ka ga Mbps, wato megabit (bit miliyan) a daƙiƙa, raba shi gida takwas ka samu MB/s, wato megabayit a daƙiƙa: 40 ya koma 5. Harafin "a" bayit ɗaya yake ci a rubutun intanet, amma ƙ, ɗ da ɓ namu kowanne biyu yake ci.

Ganin ya natsu, sai na jawo wata tsohuwar na'urar karanta faifai daga ƙarƙashin teburi, na share ƙurar goshinta da babban yatsa. An rubuta 52x. Yaran yanzu ba su san wannan awon ba, alhali shekaru muka yi muna ciniki a kansa. Gudun 1x shi ne gudun da faifan CD ke juyawa in ana sauraron sauti, yana ba da kilobayit 150 a daƙiƙa, kusan 1.2 Mbps ke nan. Shi ya sa faifai mai megabayit 700 yake ɗaukar sautin minti 80, kuma kwafe shi a 1x sai ya ci maka wannan minti 80 ɗin. To 52x ninki 52 ne, megabayit 7.8 a daƙiƙa, sama da 60 Mbps.

Nan ya zaro ido. Wato wannan tsohuwar aba ta fi intanet ɗinsa sauri? A takarda, ƙwarai kuwa, domin 5 MB/s nasa daidai yake da wajen 33x. Sai dai ba ta kai 52x sai a bakin faifan ta waje, inda kowane juyi ke kwaso bayanai masu yawa. Karatu kuwa daga tsakiya yake farawa, inda gudun bai kai rabin haka ba. Wannan abu ya daɗe yana damuna, domin lambar ƙoli ake mannawa a goshin kaya, mai saye kuma ya ɗauka haka zai samu daga farko har ƙarshe.

Wani tarkon kuma, x na DVD daban yake. Nasa 1x ya kai megabayit 1.38 a daƙiƙa, kusan ninki tara na CD, don haka DVD mai 16x ya yi wa CD mai 52x fintinkau. Diskit kuwa, ɗan faifan nan mai megabayit 1.44, kilobit 500 yake yi a daƙiƙa, rabin 1 Mbps, kuma hoto ɗaya na wayar yau sau da yawa ya fi ƙarfin cikinsa.

Inda lissafin ya fi shafar sana'ar ɗan nawa shi ne ramin USB. Na 2.0, wanda ya fito a 2000, an ce 480 Mbps, wato 60 MB/s, amma a aikace da wuya ka wuce 40. Na 3.0 ya zo a 2008 da 5 Gbps, wato 5,000 Mbps, fiye da ninki goma, galibi za ka ga harshen cikinsa shuɗi ne. Duk da haka filashi ko memori mai arha ba ya karɓar kaya da saurin da ramin ke iya bayarwa, mai jinkirin cikinsu shi ke yanke gudun.

Kafin ya kama motar Agege na juya kwamfutarsa, na nuna masa shuɗin ramin da ke gefen hagu. Ashe wata takwas yana tura wa mutane fina-finai ta baƙin ramin dama.