Ƙungiyar haɗa mutum-mutumi a sakandare: amsoshin tambayoyin iyaye

Ni ke kula da ƙungiyar a makarantarmu, kuma tambayoyi iri ɗaya ake tare ni da su kullum a bakin get. Ga amsa a wuri guda.

Wasa ne ko karatu?

Karatu ne. Yaro zai auna kewayen taya, ya lissafa juyi nawa za ta yi kafin ta ci santimita 50, sannan ya rubuta wa na'urar umarni.

Sai mai kwamfuta a gida?

A'a. Ɗaya ta ishi ƙungiya.

Har da 'ya mace?

Wannan tambayar ta ishe ni. A 2017 'yan mata daga Herat ta Afganistan sun je Washinton gasar FIRST Global ta farko, wato gasar haɗa mutum-mutumi ta ƙasa da ƙasa, bayan an hana su biza sau biyu. Abin da ya dace ku tambaya shi ne wace malama ce za ta raka su, kuma ƙarfe nawa ake tashi. Haƙƙinku ne, za a amsa muku.

Me ake yi a gasar?

A FIRST LEGO League, wadda gidauniyar Coderina ke shiryawa a Najeriya, ƙungiya ba ta wuce yara 10. Ana ɗora mutum-mutumin a kan tebur, ya yi ayyukansa cikin minti biyu da rabi, shi kaɗai, babu rimot. Daga nan alƙalai su zaunar da yaran su yi ta tambayarsu yadda suka haɗa shi. Don Allah, Alhaji, a daina kai wa mai gyaran waya ya gyara musu. Tambaya biyu alƙali zai yi ya gane ba hannunsu ba ne, kuma yaron ne zai sha kunya.

Ɗana yana ajin ƙarshe, ga JAMB da WAEC da NECO a gaba. In cire shi?

Ya danganta, kuma ba zan ba kowa amsa ɗaya ba. Gaskiya aikin yana cin lokaci, musamman makonnin dab da gasa, lokacin da ake kaiwa magariba ana neman wayar da ta tsinke. Idan sakamakonsa na lissafi da fiziks ya tsaya daram, ni dai ku bar shi, amma a rage masa nauyi: ya sauka daga shugabanci, ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako yana koya wa na baya. Idan makinsa ya fara zamewa, jarrabawa ce gaba, babu musu. Sai dai ku bincika tukuna ko ƙungiyar ce ta jawo, domin sau tari waya ce da hirar dare. Akwai kuma yaron da ɗakin ƙungiyar ne kaɗai ke sa shi son zuwa makaranta. Irinsa in aka cire shi da ƙarfi, karatun ma yakan bi. Ku nemi ranar gasa, ku haɗa da jadawalin jarrabawa da na Islamiyya, mu zauna tare da shi.

Akwai haɗari?

Kaɗan, Hajiya, kwantar da hankalinki. Batir ne abin lura. Kada a bar shi a caji a kan katifa a kwana, kuma wanda ya kumbura a dawo mana da shi, kada a huda.