Waiwaye: Mutum nawa ne a Kumbotso?

Duk lokacin da aka tashi maganar ƙarancin ruwa ko cunkoson aji a gefen birnin Kano, sai gardama ta koma kan adadi. Wani ya ce jama'a sun ninka, wani ya ce zuƙi ta malle ce. Wannan taƙaddama tana da dogon tarihi.

Farkon labarin sananne ne. An soke ƙidayar 1962, aka sake ta a 1963, ta 1973 ma aka yi watsi da ita. Ta 1991 ta ba Najeriya mutum miliyan 88.9, ta 2006 ta ba ta miliyan 140, ta kuma ba jihar Kano miliyan 9.4. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta.

Bayan 2006 hankali duk ya tafi kan cacar baki tsakanin Kano da Legas, wa ya fi wa. Abin da ya shafi mai unguwa kai tsaye kuwa ya wuce ba a lura ba: alƙaluman da suka shiga hannun jama'a sun tsaya ne a matakin ƙaramar hukuma. An san a 2006 ƙaramar hukumar Kumbotso na da mutum kusan dubu 300, amma nawa ne a unguwanninta kamar Danbare, nawa a Mariri ko Panshekara? Daga nan sai hasashe. Yadda aka saba yi shi ne a ɗauki ma'aunin ƙaruwa na jiha, kashi 3 da ɗoriya cikin 100 a shekara, a ɗora wa kowace ƙaramar hukuma bai ɗaya. Bisa wannan lissafi sai an shekara 20 da 'yan kai kafin jama'a su ninka.

To, a ganina nan gizo ke saƙa. Ma'aunin ya fi dacewa da garin da haihuwa ke ƙara wa yawa. Gefen birni ƙaura ce ke cika shi. Magidanci ya gaji da gidan haya a cikin gari, ya sayi awon igiya a wajen dillali, ya ɗora ɗaki biyu, ya tare ko filasta bai yi ba. Gonar da aka noma gero bara, bana ta zama layi uku har da islamiyya. A takarda kuwa tana nan a gonarta.

Masu allurar rigakafin shan inna sun riga kowa cin karo da wannan giɓi, domin su ke bi gida gida suna rubutu da alli a jikin ƙofa. Da aka fara haɗa aikinsu da hotunan tauraron ɗan'adam, sai ga unguwanni da ƙauyukan da ba sa cikin tsohuwar taswira. Sai dai hoto rufin kwano yake nunawa, ba ya faɗin ko mutum 5 ke kwana a ƙarƙashinsa ko 25.