Masu ofishin zanen gini a Gombe, ga amsar tambayoyinku kan inshorar lafiyar ma'aikata

Aikina shi ne riƙe wa ƙananan kamfanoni littafin kuɗi a nan Gombe, uku daga cikinsu kuma ofisoshin masu zanen gine-gine ne. Tun da inshorar lafiya ta zama doka, ba a rufa mako wani Akitek bai kira ni bayan isha'i da tambayar da na amsa wa abokinsa shekaranjiya ba. Bakina ya gaji. Na tattara tambayoyin a nan, wanda ya sake kira wannan zan tura masa.

Hajiya, mu bakwai ne kacal a ofis. Dokar ta hau kanmu?

Ta hau. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) da Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar shirin inshorar lafiya na NHIS, ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma ambaci duk wurin aiki mai ma'aikata biyar zuwa sama. Bakwai ta fi biyar.

Amma ai babu wanda ya taɓa zuwa ya tambaye mu.

Tukuna dai. A watan Satumban 2025 shugaban ƙasa ya umarci ma'aikatun tarayya su riƙa neman takardar shaidar NHIA daga masu neman kwangila. Ku kuma rabin abincinku a ajujuwa da asibitocin gwamnati yake. Kada ka bari sai daren da kake jera takardar haraji da ta ARCON, hukumar rajistar masu zanen gini, a cikin ambulan ka tarar da gurbi guda babu kowa.

Shi HMO ɗin nan mene ne?

Dillali ne tsakaninka da asibiti. Kai ka biya shi, shi ya biya asibiti. Ka duba sunansa a jerin waɗanda NHIA ta tantance. Idan ba ya ciki, ka ba shi ruwa ya sha ya tafi.

Muna biyan NSITF. Bai wadatar ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ɓata min rai, domin masu degiri biyu ne ke yin ta. NSITF asusun diyyar ma'aikata ne na tarayya, kuɗinsa kashi ɗaya ne cikin ɗari na jimillar albashi, a ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010, kuma aikinta raunin da aka samu ko ciwon da aka ɗauka a bakin aiki. Yaronka ya zamo daga tsani yana duba rodi kafin a zuba kankare, wannan nasu ne. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ɗiyarsa a Pantami, babu ruwansu. Inshorar rai ta ma'aikata da dokar fansho ta 2014 ta yi magana a kai ita ma daban take, sai mutum ya rasu take amfani. Abu uku ne, takarda uku.

Wane shirin inshorar lafiya ne ya fi araha?

Wanda ba ya biyan komai.

Kai da ke faɗa wa mai gida cewa rodi mai milimita 10 ba zai tsaya a madadin mai 16 ba, ko da ya rantse kuɗinsa sun ƙare, yau kai ne kake fara tambaya da farashi? Fara da asibiti. Wane asibiti ma'aikatanka suke zuwa yanzu da kuɗinsu? Yana cikin jerin? Daga nan sai mu zo kan kuɗi.

To GoHealth za mu shiga, ko shirin NHIA na tarayya, ko kamfanin HMO mai zaman kansa?

Yawwa. Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma ba ni da amsa guda da za ta yi wa kowa daidai.

GoHealth hukumar taimakekeniyar lafiya ce ta jihar Gombe, kamar yadda maƙwabtanmu na Bauchi suke da BASHCMA. Ƙarfinta a cikin jiha yake: cibiyoyin lafiya na unguwanni da manyan asibitocin irin su Kumo, Kaltungo da Bajoga. Idan ma'aikatanka duk a cikin gari suke, iyalansu na Tudun Wada da Jekadafari da Tunfure, mafi yawan abin da ke kai su asibiti kuma zazzaɓi ne da awo da ciwon yara, to akwai hujjar farawa da ita. Ofishinsu na nan kusa, in an sami matsala ƙafarka za ta kai ka, ba sai ka kira wata lamba a Legas an sa maka kiɗa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ku ba masu shago ba ne. Wata uku mai kula muku da gini yana Yola, wata biyu yana Azare, wani lokacin Jalingo. Shirin jiha an gina shi ne a kan asibitocin jiha. Don haka kafin ka sa hannu, ka tambaye su a rubuce: in ciwo ya kama ma'aikacina a wata jiha, me za a yi? Amsar da suka ba ka ita za ta raba gardama, ba ni ba.

Na tarayya kuwa kashi biyu ne ya shafe ku. Akwai tsarin ma'aikata, inda kamfani ke ba da kashi 10 cikin ɗari na tushen albashi, ma'aikaci ya ba da kashi 5. A ce tushen albashin mai zana muku taswira naira 100,000 ne: ku 10,000, shi 5,000, a shekara 180,000 ke nan, ya rufe shi da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ga mai iyali wannan ciniki ne mai kyau. Ga saurayin da bai ajiye kowa ba, ko babban ma'aikaci mai albashi mai tsoka, lissafin kan iya juyewa. Akwai kuma GIFSHIP, wanda aka ƙaddamar a 2020 domin ƙungiyoyi da iyalai da ɗaiɗaikun mutane. Shi kuɗin kai ake biya a shekara, ba kason albashi ba. An sha sauya farashinsa, saboda haka ka karɓi na yau daga ofishin NHIA, ba daga bakin wani a majalisa ba. A tsarin ma'aikatan nan, mara lafiya kan biya kashi 10 na kuɗin magani, kuma sau da yawa za a ce masa maganin da likita ya rubuta babu, ya je waje ya saya. Ka gaya wa ma'aikatanka wannan tun farko, kada su ce ka yaudare su.

Kamfani mai zaman kansa shi ya fi kyan takarda: ɗaki na musamman, tabarau, haƙori, asibitoci a jihohi da yawa. Shi ne kuma ya fi buƙatar a karanta shi da jan biro. Kowane abu yana da iyakar kuɗi: tiyata zuwa kaza, haihuwa zuwa kaza, kwanciya kwana kaza a shekara. Ƙananan kamfanoni irin naku kuma sau da yawa ana sa musu lokacin jira, wato ka biya yau amma haihuwa ko tiyata ko maganin hawan jini da suga ba za su fara aiki ba sai bayan watanni. Ana iya cinikin wannan, musamman in kun haɗu ofis uku ko huɗu kuka je a matsayin taro guda, in kamfanin ya yarda da hakan. Wani zai yarda, wani ba zai yarda ba.

Na ga yadda kyan takarda ke ƙarewa. Wani ofis da nake yi wa aiki ya ɗauki wani kamfani saboda jerin asibitocinsa ya cika shafi goma sha. Da aka duba, na Gombe guda uku ne. Wata rana da misalin sha ɗaya na dare naƙuda ta tsananta wa matar wani ma'aikacinsu, likita ya ce sai an yi aiki. Yarinyar da ke teburin inshora ta juya katin gaba da baya, ta ce sai lambar izini ta zo daga kamfanin. Ta kira, ba a ɗauka ba. Sannan ta sassauta murya ta ce masa, "Malam, gaskiya ko ta zo, kamfanin nan muna bin su bashin watanni." Mai ofishin ne ya fito da jallabiyar barci ya tura kuɗin daga aljihunsa. An sami ɗa namiji lafiya, amma neman a mayar masa da kuɗinsa ya ci rabin shekara.

Tun daga ranar, ga abin da nake yi. Ina ɗaukar sunayen kamfanonin da suka kawo farashi, in je asibitocin da ma'aikatan suka ambata, in wuce ofishin shugaba in nufi teburin inshora. In gaishe da wanda ke zaune, in tambaye shi: cikin waɗannan, wa ke biyanku a kan lokaci, wa ke turo lamba da dare? Fuskarsa kaɗai ta ishe ka amsa. In tambaya kuma, in ciwo ya fi ƙarfinsu, ta yaya ake tura mutum Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha da wannan katin.

In ka matsa min sai na zaɓa: ofishin da aikinsa bai fita jiha ba, kuɗinsa kuma sai an biya kwangila suke shigowa, ya fara duba na jiha ko na tarayya. Wanda ke da mutum biyu ko uku kullum a hanya, yana iya sa su a kamfani mai faɗin asibitoci, sauran a na gida. Amma raba ma'aikata gida biyu a ofis mai ɗaki uku yana da nasa tsegumin, kai ka san mutanenka.

Babban ma'aikacina matansa biyu, 'ya'ya tara. Yaya ke nan?

Tsarin da aka saba mata ɗaya ne da 'ya'ya huɗu. Sauran ana ƙara su da ƙarin kuɗi. Ka rubuta ƙa'ida guda ga kowa: ofis ya ɗauki mutum shida, wanda ya haura ya biya daga albashinsa. Kuma don Allah kada ka zaɓar masa wadda za a rubuta, uwargida ko amarya. Ba gidanka ba ne. Ka dai ja masa kunne kada a kai ɗaya asibiti da katin ɗaya, ana kamawa, kuma kunyar har ofishinka za ta zo.

Mahaifiyarsa fa?

Ba ta cikin shidan. A yi mata nata daban.

Birkiloli da leburori da kafintoci?

Wanda sunansa ke cikin takardar albashinka shi ne naka. Na ɗan kwangila nasa ne. Amma direba da maigadi da mai shara naka ne, kada in ga an tsallake su. Su ne ma ciwo ɗaya ke cinye musu albashin wata uku.

Me zai hana in ƙara musu kuɗin magani a albashi kowa ya ji da kansa?

Za a sayi masara da shi kafin goma ga wata, kuma ba laifinsu ba ne. Ranar da aka ce tiyata, ƙofarka za a ƙwanƙwasa, kai kuma ba za ka iya cewa a'a ba. Sannan kuɗin hannu ba ya ba ka takardar shaida.

Wani a ofis ya ce inshora haramun ce.

Ni ba malama ba ce, ba na fatawa. Kwantar da hankalinka dai: shirye-shiryen gwamnati a kan karo-karo aka gina su, kowa ya zuba, wanda ya kwanta a ɗauke masa nauyi, shi ya sa ake kiransu taimakekeniya. Akwai kuma kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, masu lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora. Ka kai wa malamin da kuka yarda da shi takardar shirin kanta ya karanta, ba labarinta ba.

In ma'aikaci ya bar aiki a tsakiyar shekara?

Ka sanar da su a rubuce a makon. Tun kafin ka biya kuma ka tambaya ko za a iya sa sabon ma'aikaci a gurbinsa.

Hajiya, ki faɗa mana sunan kamfani ɗaya kawai mu huta.

Ba zan faɗa ba. Wanda ke biyan asibiti da kyau bara yana iya zama mai bashi bana, sannan ni za ku kira da sha ɗayan dare. Gobe da safe ka ba kowane ma'aikaci takarda ya rubuta asibitin da yake zuwa, yawan iyalinsa, da ko akwai mai juna biyu ko mai shan magani kullum a gidan. Ya ninke ya ba ka kai kaɗai, domin sirrinsa ne. In ka tattara, ka kira ni. Da rana.