Maganin antibayotik da bakteriyar da ke ɓuya cikin ƙwayoyin halitta

Akwai bakteriya da ba sa zama a fili cikin jini. Sukan kutsa cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum su yi zamansu a can. Daga cikinsu akwai masu jawo tarin fuka da taifot da ciwon ido na tirakoma, sai Brucella, wadda ake ɗauka daga nonon da ba a tafasa ba, mai jawo cutar da makiyaya ke kira bakkale. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, ta daɗe tana aiki a kanta. Abin mamaki, sau da yawa maɓoyar waɗannan bakteriyar ita ce fararen ƙwayoyin jinin da aikinsu haɗiye ƙwayar cuta su narkar da ita.

Magungunan ba ƙarfinsu ɗaya ba a nan. Dangin penisilin, irin su amoxicillin, ba sa taruwa sosai a cikin ƙwayar halitta. Gentamicin kuwa shigarsa a hankali ce, har ma masu bincike na amfani da shi a ɗakin gwaji su kashe bakteriyar waje, sannan su fasa ƙwayar halittar su ƙirga waɗanda suka tsira a ciki. Azithromycin da doxycycline da rifampicin da ciprofloxacin su ne masu ratsawa, shi ya sa ake ba da azithromycin sau ɗaya tak don tirakoma.

Amma shiga daban, kisa daban. Wasu magungunan kan taru a 'yan aljihuna masu tsami da ke cikin ƙwayar halittar, tsamin kuma ya rage musu kaifi. Ita ma bakteriyar takan lafa, ta rage hayayyafa, alhali yawancin magungunan sun fi cin wadda ke rarrabuwa. Pyrazinamide, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, shi ne ya fita daban, don shi a tsami ya fi aiki.

Wannan na cikin dalilan tsawon jinya. Tarin fuka wata 6 ake yi: wata 2 ana shan magani huɗu, wata 4 ana shan biyu. Bakkale kuma mako 6 ne, da magani biyu a haɗe. Don haka wanda ya sayi kafso na kwana uku a kemis ɗin unguwa, ya daina da zarar zazzaɓi ya sauka, galibi na waje kawai ya kashe. Na cikin na nan, kuma su ke dawo da ciwon bayan makonni.