CELTA: Takardar Shaidar Koyar da Turanci ga Waɗanda Ba Harshensu Ba Ne

CELTA takardar shaida ce da sashen jarrabawar Turanci na Jami'ar Cambridge da ke Ingila yake bai wa wanda ya kammala horon farko na koyar da Turanci ga mutanen da ba da shi suka tashi ba. Tana cikin takardun da makarantun koyon harsuna suka fi amincewa da su a duniya, kuma babban dalilin wannan daraja shi ne ba a bayar da ita sai an ga mutum ya tsaya gaban ɗalibai na gaske ya koyar.

Asalinta yana komawa ga John Haycraft, wanda shi da matarsa Brita suka buɗe makarantar Turanci a birnin Kordoba na ƙasar Sifaniya a 1953, makarantar da ta zama tushen International House, wato rukunin makarantun koyar da harsuna da ke ƙasashe da dama. Bayan ya koma Landan, ya fara wani gajeren kwas na horar da malamai a 1962, domin ya lura cewa iya magana da harshe daban ne, iya koyar da shi kuma daban. A ƙarshen shekarun 1970 ƙungiyar Royal Society of Arts ta karɓi ragamar bayar da shaidar, a 1988 ta koma hannun Cambridge, sannan a 1996 aka sa mata sunan CELTA.

Kwas ɗin yana ɗaukar aƙalla sa'o'i 120, cikin mako huɗu zuwa biyar ga mai yi kullum, ko 'yan watanni ga mai haɗawa da wani aiki, kuma tun daga 2020 ana iya yin sa gaba ɗaya ta intanet. Ana buƙatar mai nema ya kai shekara 18, ya kuma kasance Turancinsa ya kai matakin C1 mai ƙarfi ko C2, wato matakai biyu mafi girma a ma'aunin iya harsuna na Turai. Ba a yin jarrabawar ƙarshe. Ana auna ɗalibi ne da rubuce-rubuce huɗu, kowanne kalmomi 750 zuwa 1,000, da kuma sa'o'i shida na koyarwa a azuzuwa masu mataki biyu daban-daban, ban da wasu sa'o'i shida da zai yi yana kallon ƙwararrun malamai.

Waɗannan sa'o'i shida na koyarwa su ne ƙashin bayan horon. Malami mai koyo yakan kwana yana tsara darasin minti 40 ko 45, yana rubuta abin da zai yi a kowane mataki, da irin kuskuren da yake hasashen ɗalibai za su yi, da yadda zai gyara. Idan ya shiga aji, mai horarwa da abokan karatunsa suna zaune a baya suna rubutu, bayan an tashi kuma a zauna a feɗe darasin. Abin da aka fi kama sababbin malamai da shi shi ne yawan magana, domin mai koyon harshe sai ya buɗe baki yake koyo, malamin da ya cinye lokacin da bayani kuwa ya tauye shi. Haka kuma ana hana tambayar “Kun gane?”, saboda ɗalibi zai amsa da i don kunya ko da bai fahimci komai ba. A maimakon haka, idan an koyar da jimlar da ke nuna cewa mutum ya taɓa shan taba a da, sai malami ya tambaya: yanzu yana sha? Amsar da aka bayar ita za ta nuna ko an gane. Sakamako yana fitowa a matakai uku na cin nasara, kuma Cambridge tana tura nata jami'in ya duba kowane kwas don kada ma'auni ya sauka.

Wata takardar da ke gogayya da ita ita ce CertTESOL ta hukumar jarrabawa ta Trinity College London, wadda ta wajabta wa masu koyo zama a darasin harshen da ba su sani ba sam, domin su ɗanɗana halin da ɗalibansu suke ciki. Akwai kuma ɗimbin takardu masu araha da ake samu ta intanet ba tare da koyarwa ko ta minti ɗaya ba, waɗanda manyan makarantu ba sa ɗauka da muhimmanci.

CELTA ba ta tambayar ƙasar da mutum ya fito, amma dokokin biza sukan tambaya. Koriya ta Kudu, alal misali, galibi tana bayar da bizar koyar da Turanci ne ga 'yan Amurka, Birtaniya, Kanada, Ireland, Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu, tsarin da ke rufe ƙofa ga ƙwararren malami daga Nijeriya ko Ghana duk da cewa da Turanci ya yi karatunsa, kuma wannan rashin adalci ne da malamai da dama suke suka. Wanda ya samu gogewa a aji kuma yana son zama mai horarwa ko shugaban sashen karatu, mataki na gaba shi ne difloma ta DELTA, wadda ita ma Cambridge ce ke bayarwa a sassa uku.