Manhajojin sa ido kan ayyukan gwamnati

Manhajojin sa ido kan ayyukan gwamnati su ne shafukan intanet, manhajojin waya da layukan saƙon tes da jama'a ke amfani da su wajen duba kasafin kuɗi, bin diddigin kwangila, kai koke ko ba da shawara ga hukuma. Wasu gwamnati ce ke kafa su, wasu kuma ƙungiyoyin farar hula. A Najeriya ana amfani da su wajen bibiyar ayyukan mazaɓu, wato ayyukan da 'yan majalisa ke sanyawa a kasafi don yankunansu.

Tarihi

Shigar da jama'a cikin tsara kasafi ya girmi manhajojin waya. Birnin Porto Alegre na Burazil ya fara shi a 1989 da tarukan unguwanni. Daga baya aka mayar da tsarin kan intanet, kamar manhajar Decidim ta birnin Basalona, wajajen 2016. A Afirka, manhajar Ushahidi ta fito a Kenya a farkon 2008, lokacin rikicin bayan zaɓe, tana ɗora rahotannin tes a kan taswira.

A Najeriya, 2011 ce mafari. A watan Mayun shekarar Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan Dokar 'Yancin Samun Bayanai, kuma a shekarar aka kafa ƙungiyar BudgIT a Legas, wadda ke sauƙaƙa alƙaluman kasafi zuwa zane. A 2014 ta fito da manhajar Tracka don bibiyar ayyuka.

Abin da ya fi shafar Arewa shi ne batun Bagega, a ƙaramar hukumar Anka ta Zamfara. Gubar dalma daga haƙar zinare, wadda aka gano a 2010, ta hallaka ɗaruruwan yara a yankin, kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasa kuma suka ƙi fitowa. A 2012 Hamzat Lawal da abokan aikinsa suka fara gangamin Follow The Money, suna haɗa hotuna da bayanan mutanen garin suna yaɗawa a kafafen sada zumunta. A farkon 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗin. Wannan tsari na haɗa shaidar gani da ido da matsin lamba shi ne har yau ake bi.

U-Report ta UNICEF ta shigo Najeriya a 2014, tana jin ra'ayin matasa ta tes. Najeriya ta shiga ƙawancen buɗaɗɗiyar gwamnati na OGP a 2016.

Yadda ake bibiyar aiki

Ana farawa da takardar kasafi. Mai bibiya yana fitar da abubuwa huɗu: lambar aikin, ma'aikatar da aka damƙa wa, adadin kuɗi, da wurin da za a yi shi. Sai ya gano ko na tarayya ne, na jiha, ko na ƙaramar hukuma, domin koken da aka kai inda bai dace ba a nan yake kwana. Sanya aiki a kasafi daban, sakin kuɗinsa daban. Wanda bai bambance biyun ba yakan zargi ɗan kwangilar da ko sisi ba a ba shi ba.

A wurin aikin, hoton farko na allon kwangila ne, mai ɗauke da sunan ma'aikata da na kamfani. Sannan hoton ginin daga nesa tare da wata alama da aka sani, kamar masallaci ko tiransifoma, sai na kusa: tsagewar bango, kwanon rufi, yawan kujeru. Idan rijiyar burtsatse ce, ana ɗaukar bidiyon famfo a buɗe, a ƙirga farantan sola, a tambayi masu ɗiba ko ruwan na kaiwa bazara. Dole a kunna GPS kafin ɗauka. WhatsApp yana goge bayanin wuri daga hoton da aka tura kai tsaye, don haka ake tura shi a matsayin fayil.

Mataki na ƙarshe wasiƙar neman bayani ce zuwa ga hukumar da aikin ke hannunta. Ana kai kwafi biyu, a sa a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7, wanda aka hana kuma yana da kwana 30 ya je kotu. An daɗe ana jayayya kan ko dokar ta hau kan jihohi. A 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau.

A jihar Katsina

Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓun kansila 361, a shiyyoyin Katsina, Daura da Funtuwa. Kamar sauran jihohi, tana wallafa kasafinta a intanet, al'adar da shirin SFTAS na Bankin Duniya, mai ƙarfafa wa jihohi gwiwar bayyana harkokin kuɗinsu, ya ƙarfafa tun daga 2018. Amma yawancin koke ba ta manhaja ta musamman yake tafiya ba. Ta zaurukan WhatsApp na ƙungiyoyin ci gaban gari yake bi, da Facebook, da shirye-shiryen rediyo na kiran waya, galibi da saƙon murya.

Matsaloli

Sunan wuri babban tarnaƙi ne. Sabon Gari, Tudun Wada da Unguwar Liman suna maimaituwa a garuruwa da dama, kasafi kuma wani lokaci ba ya faɗin wanne ake nufi. Rubutun ma yana saɓawa: Dutsinma da Dutsin-Ma, Kankiya da Kankia, Mai'aduwa da Mai'adua. Wanda ya nemi ɗaya kaɗai zai ɗauka babu aikin.

Takardun kasafi da Turanci suke, masu shafuka ɗaruruwa, ga tsadar data. Matan karkara ba su kai maza mallakar babbar waya ba, don haka buƙatunsu, irin su ɗakin haihuwa, ba su cika fitowa a rahotanni ba. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Jibiya, Batsari, Faskari da Funtuwa, har kusan ƙarshen shekarar. A wannan tsakanin rahoto ya tsaya cak daga yankunan da suka fi buƙatar a ji su.

Akwai kuma tsoron a ɗauki mai rahoto ɗan adawa, shi ya sa wasu ƙungiyoyi ke aikawa da sunan ƙungiya maimakon na mutum.